Kurciyar Gamjin Inna

Shekarar da Inna ta kwanta ciwo ina aikin dako a tashar jirgin ruwa, muna zaune a wani tsohon gida a unguwar Balad, cikin Jidda. Ta ƙi abinci ƙememe. Ko koko aka kai bakinta sai ta kau da kai. Da muka matsa mata, ta ce ita kurciyar gamji take so.

Ni haifaffen Jidda ne, a wurina kurciya da tattabara duk ɗaya ne, hamam muke ce musu da Larabci. Na je kasuwa na sayo biyu masu ƙiba.

"Wannan ai tattabarar soro ce," in ji ta.

Na samo wata a hannun wani Basudane, mai jan ido da ɗige-ɗige a fiffike. Ta ce hazbiya ce. Na kawo ƙarama mai doguwar wutsiya, ta ce bardo ne, wai ko yaron goye a garinsu ya san wannan. Matar da ba ta iya ɗaga kofi, sai ga ta da ƙarfin yi mini karatu: tata koriya ce, cikinta rawaya, ba ta sauka ƙasa tsintar hatsi, ɓaure take ci a kurmin duwatsu.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ya ummi, halas, ya isa haka mana. A Jidda ina kurmi, ina gamji?" Ta juya mini baya, kullum kuwa ƙara ramewa take. Haushi nake ji, tsoro kuma ya fi haushin.

A ƙarshe wani direban babbar mota da ke zuwa duwatsun kudu ya kawo mini ita cikin kwando. Koriya shar, ciki rawaya. Na wasa wuƙa, matata ta ɗora tukunya, na shiga da ita don Inna ta gani kada a sake ce mini ba ita ba ce.

Ta karɓe ta da hannu biyu, ta daɗe tana shafa bayanta. Sannan ta hango wuƙar.

"Wa ya ce maka ci zan yi? Rabona da ganinta tun ranar da na baro gidan ubana."

Na tsaya da wuƙa a hannu kamar sakarai.

"Yalla, je ka nemo mata ɓaure," ta ce. "Ni kuma a miƙo mini kokon nan."