Dogon Awali da Kofin Madina

A cikin garkar dabino aka haifi Lurwanu, a Awali, kudu maso gabas da Madina, inda mahaifinsa Malam Mahmudu yake yi wa wani Balarabe aikin ban ruwa da barbarar dabino. Kakansa mutumin Kazaure ne, ya zo hajji a ƙafa tare da wani amininsa, dukansu biyu suka zauna. Da aka zo ba wa waɗanda suka daɗe takardar zama 'yan ƙasa, wadda suke kira tabi'iyya, aminin ya karɓa. Shi kuwa kakan Lurwanu ya ce shi baƙon Manzon Allah ne, bana ko baɗi zai koma gida. Bai koma ba, a Baƙi'a aka binne shi. Ya bar wa 'ya'yansa da jikokinsa igama, takardar zaman baƙi, wadda sai an yi ta sabuntawa.

Jikan aminin nan shi ne Saif. Tare suka tashi da Lurwanu, tare suka shiga makarantar sakandare ta unguwar, kuma a lokacin ba wanda ya damu da bambancin takardun da ke aljihun iyayensu.

Lurwanu ya yi tsawo tun da wuri, har sai ya sunkuya yake shiga ɗakin mahaifiyarsa Ikilima. Hawan dabino ya ba shi ƙarfin kafaɗa da tafin hannu kamar faifai. Malamin wasanni na makarantar, Ustaz Auwalu, Bahaushen Sudan ne. Ranar da ya fara ganinsa a layin ɗalibai ya jawo shi gefe, ya ɗora masa ƙwallo a hannu, ya ga ya riƙe ta da hannu ɗaya kamar lemo. Daga ranar ya sa shi cikin 'yan ƙwallon kwando. Larabawa salla suke ce wa kwandon, don haka Ikilima ta yi wata guda tana yi wa maƙwabta albishir cewa ɗanta ya shiryu, kullum da la'asar sai ya ce mata zai tafi salla. Da ta gane gaskiya ta yi dariya har da hawaye, ta ce ai ko banza ya fi yawon banza.

Kowace shekara makarantun sakandare na maza a Madina sukan yi gasar ƙwallon kwando. Ana farawa rukuni-rukuni, sannan a shiga zagayen kifa ɗaya kwala, wanda aka doke ya koma gida. Tun da aka fara gasar, kofin bai cika barin makarantar Khalidiyya ba. Su suna da zauren wasa mai rufi da daɓen katako. 'Yan Awali kuwa a kan siminti suke atisaye, wanda in rana ta buɗe yake cin tafin takalmi, kuma ba su taɓa tsallake wasan farko na kifa ɗaya kwala ba. Ana ce musu 'yan cika adadi, su ma sun yarda.

Shekarar farko ta Lurwanu, 1994, an yi musu dukan da aka saba. A shekara ta biyu suka ba mutane mamaki, suka kai wasan kusa da na ƙarshe da makarantar Aziziyya. A nan ne 'yan kallo suka gane cewa ba a iya tare shi da hannu, sai suka koma tare shi da baki. Duk lokacin da ya taɓa ƙwallo sai wani ɓangare ya ɗauki kiran takaruni, takaruni, sunan raini da ake kiran baƙar fatar Afirka da shi, ana buga benci. Ransa ya ɓaci, ya riƙa ture mutane, alƙalin wasa ya fitar da shi tun kafin a gama, aka cinye su. Ustaz Auwalu bai yi masa faɗa ba. A mota ya gaya masa cewa shi ma da sunan aka raine shi, a Sudan ma akwai wani sunan da ake kiran irinsu da shi, kuma wanda ya tsaya jifan kowane kare mai haushi ba zai kai kasuwa ba.

A 1996, shekararsu ta ƙarshe, Lurwanu da Saif sun zama kamar hannu da baki. Saif gajere ne mai wayo, shi ke raba ƙwallo, kuma ba ya buƙatar dubawa kafin ya san inda Lurwanu yake. Suka kawar da Aziziyya, suka isa wasan ƙarshe da Khalidiyya a zaurenta. Malam Mahmudu, wanda bai taɓa kallon wasa ba, ya zo da jallabiyar Juma'arsa, ya zauna can baya kusa da ƙofa. An yi ta kai ruwa rana, wannan ya wuce, wancan ya kamo. Ana dab da tashi Khalidiyya na gaba da maki ɗaya, Saif ya cilla ƙwallo sama kamar ya yar, Lurwanu ya tashi ta kan mutum biyu ya cafe ta ya zura. Zauren ya yi tsit, ban da ɗan gungun mutanen Awali. A hanyar gida mahaifinsa ya tsaya a wani shago ya saya masa ruwan mangwaro mai sanyi, abin da bai taɓa yi ba.

Wanda ya ci kofin Madina shi ke zuwa Jidda ya kara da zakarun sauran garuruwa. Ana shirin tafiya shugaban makarantar ya kira Lurwanu ofis. Ya yabe shi sosai, sannan ya ce an aiko musu cewa a wannan mataki 'yan ƙasa kaɗai za su buga, ba laifin kowa ba ne, tsari ne. Ustaz Auwalu yana tsaye a gefe, idonsa a ƙasa, domin shi ma da igama yake zaune kuma kwantiraginsa na hannun mutumin.

"Ustaz, ranar da na ci muku kofi ba wanda ya tambaye ni igama," in ji Lurwanu, yana duban shugaban.

Shugaban ya ce Allah ya yi masa zaɓin alheri, ya miƙa masa hannu.

Aka tafi Jidda ba shi, aka kore su a wasan farko. Duk da haka wani mai nema wa kulob 'yan wasa ya ga Saif a can, ya ɗauke shi. Mutumin ya tambayi labarin dogon da ake faɗa, da ya ji ba ɗan ƙasa ba ne sai ya ce asara, ya wuce. Saif ya zo har garka ya same shi a kan dabino, ya tsaya a ƙasa yana ba shi haƙuri da Larabci, yana rantsuwa cewa ya yi magana ba a saurare shi ba. Lurwanu ya amsa masa da Hausa, yana sane da cewa Saif ba ya iya mayarwa, ya ce ya je, Allah ya sa albarka, ai shi Saif kakansa ya yi masa gata.

Abin ya ci gaba da cinsa har ya furta a gaban mahaifinsa, suna cin abinci, cewa taurin kan tsoho ne ya kashe su duka. Malam Mahmudu ya cire hannu daga kwano.

"Ubana kake nufi? Yana kwance a Baƙi'a, kai kana shan iska a garin Manzo. Me ka rasa?"

"Baba, duk abin da Saif ya samu."

Tsohon ya tashi ya wanke hannu. Sun ci gaba da gaisawa safe da yamma, amma hira ba ta sake haɗa su ba.

Jami'a ba ta samu ba. Lurwanu ya zama direban wani likita ɗan Najeriya, Dokta Muhammad Awwal, yana kai 'ya'yansa makaranta. Likitan ne ya gan shi wata rana yana jefa ƙwallo a wani fili, ya ce wannan baiwa bai kamata ta ruɓe ba, ya haɗa shi da wani abokinsa mai horar da ƙungiya a Kano. A shekarar 2000 ya tafi, karo na farko da ya taka ƙasar da fasfonsa ya ce tasa ce. Ikilima ta yi kuka. Mahaifinsa ya ce Allah ya tsare, bai ƙara ba.

A Kano ma baƙo ne. Hausarsa cike take da kalmomin Larabci irin su ya'ani da khalas, 'yan wasa suka sa masa Alhaji Dabino, masu shago suna ganinsa su ƙara kuɗi. Amma a fili ba mai raina shi, kuma mai horarwar ya fara maganar gasar ƙasa. Ana cikin haka, a wani wasan gwaji, ya sauko daga tsalle ƙafarsa ta faɗa wani tsagin siminti, gwiwa ta juya. Yana kwance a ɗakin haya a Fagge, ƙafa a ɗaure, Dokta ya bugo waya gidan maƙwabta ya ce Malam Mahmudu ya faɗi a garka, kuma an riga an yi masa sutura. Lurwanu ya dawo Madina da sanda, ya tarar har an daina karɓar gaisuwa.

Mai garkar ya yi masa kara, ya ba shi aikin mahaifinsa. Hawan dabino ya gagare shi saboda gwiwa, sai ban ruwa da tsince-tsince. Ya auri Mariama, 'yar wata ƙawar mahaifiyarsa, mace mai haƙuri wadda ta koyi kada ta tayar da zancen ƙwallo.

Saif ya buga wa kulob 'yan shekaru ba tare da ya yi wani suna ba, ya yi karatun koyarwa, aka turo shi makarantarsu ta dā a matsayin malamin wasanni, domin Ustaz Auwalu an gama kwantiraginsa ya koma Sudan. A 2006 ya zo ya roƙi Lurwanu ya taya shi horar da ɗalibai, ya ce shi ya san raba ƙwallo amma bai san abin da ake yi a ƙarƙashin kwando ba. Lurwanu ya ƙi, ya sake ƙi, sannan wata la'asar aka gan shi a bakin filin yana ɗingishi. Ya yi aikin tsakani da Allah, ba lada ba la'ada, har Awali ta sake kaiwa wasan ƙarshe, karo na biyu a tarihinta.

Ranar wasan mai tsaron ƙofar fili ya tare shi, ya ce benci na ma'aikatan makaranta ne. Saif ya zo ya yi magiya, aka ce masa in ya matsa za a rubuta rahoto a kansa. Lurwanu ya hau cikin 'yan kallo. Daga can yana ganin inda ake cutar 'yan wasansa, yana ɗaga murya, hayaniya tana shanyewa. An doke su da tazara mai yawa. Da aka tashi Saif ya biyo shi har wajen motoci, ya ce baɗi zai nema masa takarda tun da wuri, ko a matsayin mai kula da kayan wasa.

"Bar shi, Saif. Na gaji da shiga ta taga," in ji shi.

Bayan shekara biyu magadan mai garkar suka sayar da ita, aka sare dabinon aka yanka filaye. Lurwanu ya kwashe mahaifiyarsa da matarsa da 'yarsu Marwa suka kama haya a Aziziyya, ya samu aiki a kasuwar dabino, yana aunawa yana ɗaure kwalaye ga alhazai. Saif yakan leƙo lokaci-lokaci, su sha shayi a bakin shago, su yi zancen tsadar haya da ciwon ƙafar Ikilima. In lokacin gasa ya zo, Saif yakan ɗauke ƙafa har sai an gama, Lurwanu kuma bai taɓa tambayarsa dalili ba.