Ƙwanƙwasa Biyu a Ƙarfen Gado

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan jiya, bayan la'asar, Allah ya karɓi ranka, Baba. Ni autarka, sai yau na iya riƙe alƙalami.

Rayuwarka kaf a koyar da Turanci ta ƙare, kuma ba ka taɓa yarda a yi wa kalmomin zuci kuɗin goro ba. Kakan ce Turawa sun raba zato da tsammani, sun raba sani da fahimta, mu ma mun raba, lalaci ne kawai ke sa mu cakuɗa su. Ko a gida ba mu tsira ba. In na ce na manta aiken Mama, sai ka sauke tabarau ka ce, "Auta, mantawa kika yi, ko ƙyalewa?" Wanda ya dace da kalmar da ta dace kuwa, ba ka yabonsa da baki. Tebur kake ƙwanƙwasawa sau biyu da ɗan yatsa. Ɗalibanka da furfura a ka har yanzu suna alfahari da ranar da suka samu.

Sai ciwon mantuwa ya zo ya kwashe kalmomin ɗaya bayan ɗaya, har da sunana. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kada ka tafi kana ganina baƙuwa.

Ranar ƙarshe a asibiti, likita ya nuna ni ya ce, "Malam, ka tuna wannan?" Ka zuba mini ido. Sai darasinka ya faɗo mini: tunawa tono ce daga ciki, ganewa kuwa sai abu ya tsaya a gabanka. Na sunkuya na ce, "Baba, ba ka tuna ni ba, amma ka gane ni, ko?"

Yatsanka ya bugi ƙarfen gado sau biyu.

Likita ya ce dama can hannunka yana rawa. Wataƙila gaskiyarsa. Amma tun daga ranar, ko cokali ya taɓa kwano sau biyu sai gabana ya faɗi, in waiga wajen kujerarka.

Ina yi wa Mama, yayyena da ɗalibanka ta'aziyya. Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sa Aljanna ce makoma. Ya haɗa mu inda babu mantuwa, ka kira ni da sunana.