Ƙofar da Na Fasa a Katangar Babanmu

Shekarun baya can, zamanin da kowa ke kukan tsadar rayuwa ta SAP, na gama takabar maigidana na kwaso 'ya'yana biyu na dawo gidanmu a cikin birnin Zariya, wajen Ƙofar Gayan. Koyarwa na bar ta tun da na yi aure, zaman banza kuma ban iya ba. Wata ƙawata 'yar Wusasa, wadda muka yi makarantar horon malamai tare, ita ta cusa mini tunanin. Ta ce ta ga wani wuri a Kaduna da aka shimfiɗa katifu, yara ƙanana na tsalle suna faɗuwa ba mai jin ciwo, iyaye na biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Tun ba ta rufe baki ba na ce ai na samu sana'a.

A gefen zaurenmu akwai tsohon siton da marigayi Baba yake tara auduga, babban ɗaki ne da ɗan fili a bayansa. Na sayar da sarƙar gwal ɗina, na sayo katifun soso a Sabon Gari, tela ya yi musu riga da leda mai kauri. Na cika buhuna da auduga, kafinta ya haɗa mini matakala da abin zamiya, na bi duk inda yake da kaifi na naɗe da soso. Na shafe tsofaffin tayoyi da fenti, na rataye lilo. Ranar da aka gama sai da na rufe ƙofa na ɗaure zane da kyau na hau na zame da kaina, uwar 'ya'ya biyu, ina ta dariya ni kaɗai.

To, aka buɗe. Shiru kake ji.

Waɗanda ke zuwa sai gandama-gandaman yaran unguwa, masu leƙe ta taga, in na kau da ido su faɗo su yaga mini leda su ruga. Ƙananan da na yi abin dominsu, ko ƙeyarsu ban gani ba. Na rage kuɗin shiga. Na sa mai zanen allo ya zana mini zomo a bango, ya fito kamar akuya. Na raba alewa kyauta, aka shanye alewa aka bar ni da katifuna. Wata ya bi wata, ni da ƙudaje muke gadin wurin.

Yayana, wanda ya zama uban gida tun rasuwar Baba, da ma bai so abin ba. Wata rana ya tsaya a bakin ƙofa, ko takalmi bai cire ba, ya ce, “Ke, wa ya taɓa biyan kuɗi don ɗansa ya yi wasa a birnin nan? Ga ƙasa nan kyauta a ƙofar gidan kowa. Na ba ki zuwa faɗuwar damina. In wurin nan yana nan yadda yake, zan kwashe tarkacenki in kafa injin niƙa.”

Na ce, “To, Yaya.” Amma a cikina wuta ce ke ci. Wurin nan shi ne abu ɗaya tak da nake da shi wanda ba wani ya ba ni ba. In ya tafi, na koma bazawarar da ke jiran a auno mata tuwo a gidan wanta.

Ruwa ba ya tsami banza. A wani gidan suna na gane inda gizo ke saƙar. Muna zaune tsakar gida ana cin waina, yara sai tsalle suke a kan mutane, wata ta tsawata wa wannan, wata ta make wancan. Haushi ya kama ni, na juya wurin wata maƙwabciyarmu, yarinya ce mai 'ya'ya uku, na ce, “Ke dai Allah ya shirye ki. Ga wuri na buɗe a bakin hancinki, kin gwammace su hau kanki?”

Ta yi ƙasa da murya ta ce, “Yaya, ki yi mini adalci. Surukina a dakalin ƙofarku yake wuni, shi da liman da sauran dattawa. In zo da goyo a baya, in cire takalmi, in durƙusa, ya tambaye ni ina za ni, in ce masa wasa za ni? Wallahi gara ƙasa ta tsage in shige. Kuma ni ba na tura ɗan shekara uku inda idona bai gani ba.”

Sauran matan duk suka ce haka ne. Na ajiye wainar da ke hannuna. Ni 'yar gida ce, dattawan nan iyayena ne, in gaishe su in wuce, ko a jikina. Ƙawata ta Wusasa ma da ta zo, gaisuwa ɗaya ta yi musu ta shige. Ban taɓa kallon ƙofar nan da idon matar aure da ke kunyar suruki ba. Na zuba dukiyata a ɗaki, na sa ƙofarsa a inda babu uwar da za ta iya bi.

A bayan filin siton akwai wani siririn lungu, ta nan mata ke bi in za su barka ko gaisuwa ko dubiya, ba mai ganinsu. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Na je wa Yaya da maganar a fasa ƙofa ta can. Bai bari na ƙarasa ba.

“Katangar Baba? Tun kafin a haife ki take tsaye. Ba a taɓa ta.”

Na aika wa magini, ya ce Yaya ya riga ya yi masa kashedi. Na aika wa wani, ya ce yana fama da ciwon baya. Ashe Yaya ya zagaye su duka. Ga gabas ta fara duhu da yamma, ga iska ta fara ƙamshin ruwa.

Wata safiya na jira ya fita kasuwa. Na ɗauko tsohuwar digar da ke jingine a sito, na ci ɗamara da mayafina, na ce bismillah. Jama'a, ginin mutanen da ba wasa ba ne. Sarar farko digar ta dawo mini kamar na bugi dutse, na ji ta har cikin haƙorana. Katangar ta fi tsawon hannuna kauri. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, na naɗe da tsumma na ci gaba. Ina sara ina kuka, kuma ba kukan ciwo ba ne, na zuciya ne. Wajen azahar haske ya ɓullo. Wata tsohuwa da ke wucewa ta lungu ta ga ƙasa na zubowa, ta ƙwalla salati tana kiran ɓarayi, sai ta ga fuskata a ramin, fari fat da ƙura. Ta ce, “Au, ke ce? To sannu da aiki,” ta wuce abinta.

Kafin la'asar labari ya kai kasuwa. Yaya ya shigo babbar riga na jan ƙasa.

“Ke mahaukaciya ce?”

Ban ajiye digar ba. Na ce, “Yaya, Baba ya haife ka, ya haife ni. In kana da kamu biyu a katangar nan, ina da ɗaya. Nawa na fasa.”

Tunda nake ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Sai ga mahaifiyata ta fito da carbi a hannu. Ya ce, “Inna, kin ga abin da 'yarki ta yi?”

Ta dubi ramin, ta dubi hannuna, ta ɗaga kai ta dubi sama. Ta ce, “Na gani. Kai kuma ka ga hadari? In ruwa ya sami katangar nan a haka, gaba ɗaya za ta kwanta, har da ɗakin matarka. Ka bar faɗa ka nemo magini.”

Maginin da ya ƙi ni, shi Yaya ya aika aka kira da gudu. Ya ce a toshe. Magini ya ce ɗanyen gini ba zai bushe a bakin damina ba, sai dai a gitta azara a sama a sa ƙyaure, in rani ya yi a toshe. Yaya ya dube ni ya ce, “Da kaka zan toshe ta da hannuna.” Na ce, “Allah ya kai mu.”

Washegari na garƙame ƙofar gaba da kwaɗo. Na bi gidajen biki da kaina ina gaya wa mata: ƙofa ta lungu ce yanzu, kuma namijin da ya isa shiga sahun masallaci ba ya shiga. Inna, ba tare da na roƙe ta ba, ta kwaso tabarmarta da butarta ta dawo inuwar filin da zama. Ashe ta fi ni dabara. Mace ta ce wa mijinta za ta je gaida Inna, kuma gaskiya ta faɗa. Wane ne zai hana matarsa gaida tsohuwa?

Maƙwabciyar nan ce ta fara zuwa, tana waige-waige. Ƙaramin nata ya hau katifa ya faɗi, ta zabura, ya tashi yana ƙyalƙyala dariya ya sake faɗawa. Ta zauna ta saki jiki. Mako bai zagayo ba ta jawo facalolinta. Alhamis da Juma'a, da babu makarantar allo, sai na riƙa tsayar da wasu su jira. Mata suka riƙa zuwa da ɗinkin hularsu, wata na kitso, wata na sayar da dambu, yara na can suna kashe kansu da tsalle. Wadda ba ta da kuɗi ta kawo ƙuli-ƙuli, na karɓa. Ƙawata ta kwaso 'ya'yan malaman asibiti daga Wusasa, suka cakuɗe da na birni, ba ka gane na wane.

Kaka ta yi, ruwa ya ɗauke. Wata la'asar sai na ji ana dukan ƙofar gaba. Yaya ne, na jiyo muryar magini a bayansa.

“Buɗe.”

Na matso jikin ƙyauren na ce, “Akwai matan aure a ciki, Yaya.”

“Matan wa?”

“Na liman, da na maƙwabta. Har da taka.”

Autarsa da ke saman abin zamiya ta gane muryarsa, ta ɗaga tata har lungu ana ji: “Baba, kar ka shigo! Maza ba sa shiga!” Matan suka toshe baki da mayafi. Na daɗe a tsaye har na ji takun takalminsa yana nisa. Injin niƙa dai a bakin kasuwa ya kafa shi.

Da wurin nan na ciyar da 'ya'yana, na yi musu makaranta, ban miƙa wa kowa hannu ba. Mutane kan tambaye ni sirrin, su zaci wata dabarar kasuwanci ce. Ba komai ba ne illa na daina zargin mutane da rowa, na je na tsaya inda suke tsaye na ga abin da ya tare su. Sauran kuma taurin kai ne, ba zan ɓoye ba.

Yaya, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa ce mini na yi daidai ba, ni ma ban taɓa ba shi haƙuri ba. Har ya tsufa, in baƙi sun zo yakan nuna ni ya ce, “Ga wadda ta fasa katangar ubanmu.” Ni kuma in ce, “Ni ce, Yaya. Kuma da ka toshe, da na sake fasawa.”