Hoton da aka ɗauka ranar dubiya

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a shafin nan ba, kuma waɗanda suka san ni sun san ko da lafiyata ba ni da yawan magana. Yau zan yi, domin abin da nake ɓoyewa ya riga ya fita daga hannuna.

Ciwon ya fara ne da jini a fitsari. Ban razana ba. Mu da muka tashi a bakin ruwa, daga Warra har Yelwa, kusan kowane yaro ya ga wannan jinin, har manya kan yi dariya su ce ya zama namiji. Na karanta labarin ƙasa a jami'a, ina koyar da shi tun jihar Kebbi tana sabuwa, kuma na san sunan cutar tsargiya. Duk da haka na yi shiru, har ranar da fitsarin ya tsaya cak.

A asibitin garinmu aka sa mini robar fitsari, aka tura ni Sakkwato. Gwajin jini, hoton ciki, sannan aka yanki ɗan nama aka kai bincike. Likita ya ce, "Malam, tsargiyar yarinta ce ta bar maka tsiro a mafitsara. Da ka ƙara jinkiri, da wata maganar muke yi."

Na ji tsoro, ba zan musa ba. Gonar shinkafata ta Shanga ce ta biya kuɗin aikin tiyatar da aka yi mini.

Mutum biyu kaɗai suka san gaskiya: maiɗakina, da aminina tun firamare, wanda ma'aikacin lafiya ne. Ba zan ambaci sunansa ba. 'Ya'yana kuwa gyambon ciki na ce musu. Uba ba ya zama gaban 'yarsa ya yi zancen mafitsara.

Aminin nan ya zo dubiya har Sakkwato. Ya same ni kwance, robar fitsari rataye a gefen gado. Ya ɗaga waya ya ce, "Tsaya in ɗauka, in ka warke mu yi dariya." Na ce, "Kai dai ba ka girma." A nan zancen ya tsaya.

Burina a da shi ne in na yi ritaya in je in ga ƙasashen da na shekara ina zanawa a allo. Da aka sallame ni, ko masallacin unguwa sai da sanda. A wannan zaman ne na samu wani taron ƙara wa juna sani da ake yi kai tsaye ta intanet, duk Laraba bayan la'asar, inda mazauna bakin ruwa daga ƙasashe daban-daban ke bayanin rayuwarsu. Wata malama daga Kambodiya ta nuna mana makarantar da ke yawo a kan ruwa. Wani dattijo daga Peru ya saƙa jirgin ciyawa muna kallo, na tuna da masu sassaƙa kwalekwale a Ngaski. Larabar nan ita ta riƙa tayar da ni zaune.

Da aka nemi mai magana daga tafkin Kainji, ba ni da ƙarfin yi. Ni na ba da sunan aminina. Ni kuma na kira babbar 'yata, Hauwa'u, da ke aure a Birnin Kebbi, na ce ta shiga ta ji kawunta.

Ya fara da kyau: kamun kifi, kasuwar bakin ruwa, tsibiran da ruwa ya cinye. Sai ya ce zai nuna yadda al'adarmu ke sa a ɓoye ciwo.

Hotona ya cika allon.

Ya shafe fuskar, amma robar tana nan, hulata kuma tana kan matashin kai. Ya ce, "Wannan mai digiri ne, malamin makaranta, amma kunya ta kusa kashe shi." Malamar Kambodiya ta rubuta fatan samun sauƙi ga wannan bawan Allah, ba ta san yana cikin masu kallo ba. Na kashe kyamarata.

Kafin ya gama, waya ta yi ƙara. Hauwa'u ce. Ta ce, "Baba, wagga hula ai ni na saye ta." Sai kuka. "Don mi ba ka faɗa mani ba?"



Washegari na kira aminin nawa. Ya ce, "Haba mutumina, ai na rufe fuskar. Kuma don amfanin jama'a ne."

Na ce, "Da ka tambaye ni."

Ya ce, "Da na tambaye ka, da ka hana."

Na ce, "Ashe ka san amsar."

Ya zo gida bayan haka. Na karɓe shi a zaure, mun gaisa, an kawo masa ruwa. Ban shigar da shi ciki ba. Abin da ya faɗa a taron ba ƙarya ba ne. Sai dai sirrin ba nasa ba ne.

Yanzu an cire robar, ina zuwa masallaci da ƙafata, gwajin baya-bayan nan kuma ya yi kyau. Alhamdulillahi. Ina godiya ga likitoci da ma'aikatan jinya, da maiɗakina wadda ta yi ta kwana a kan tabarma a gefen gadona.

Jama'ar bakin ruwa, jini a fitsari ba alamar balaga ba ce. Ku kai yaro asibiti, maganin tsargiya ba shi da wuya. Babba kuma kada ya yi jinkirin da na yi, kuma ya gaya wa iyalinsa da bakinsa. Mai zuwa dubiya, ka bar wayarka a aljihu.

An ce mini hoton ya fara yawo a wayoyin Yauri, ana tambayar ko wane ne. Ku daina tambaya. Ni ne.