Guɗar Umma a Gaban Makaɗan Brazil

Ko na tsufa, ranar da makaɗan Brazil suka zo makarantarmu a Hyattsville ba za ta fita daga raina ba. Abin da na fara gani da shigarmu zauren shi ne ɗaurin kan matansu, fari tas, ya miƙe sama, kusan irin na Umma. Haushi ya kama ni. Tun zuwanmu Amurka nake ɓoye ɗankwalina a jaka saboda 'yan ajinmu suna ce masa tawul, ga su yanzu suna rige-rigen ɗaukar hoton na wasu.

An gayyaci iyaye, Umma kuwa ta zo da gwaggwaronta. Tun a mota na roƙe ta kada ta yi abin da zai sa a kalle mu.

"To, uwata, na ji," in ji ta.

Mawaƙiyar, wata baƙar mace mai awarwaro har gwiwar hannu, ta yi mana bayani da Turanci. Ta ce waƙar tana faɗin yadda aka kwaso kakanninsu daga Afirka a jirgin ruwa, da guminsu aka gina Brazil, don haka ƙasar tasu ce, baƙar fata kuma ado ce. Tutar ƙasarsu na ɗaure a jikin babbar ganga.

Da kiɗa ya yi zafi sai na ga ƙafar Umma tana motsi. Na ja gefen mayafinta. Ina! Ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Kowa ya juyo. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Umma, don Allah! Nan ba gidan biki ba ne."

"Ke, rabu da ni. Dangi ne suka ɓata, yau na gan su."

Mawaƙiyar ta ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya. Ta nemi mai guɗar, ta roƙa a sake. Umma ta sake, ganguna suka amsa mata, zaure ya kaure da tafi. Yarinyar da ta fi kowa tsokanata ta juyo ta ce, "Mamanki ce? Kin more!" Takaici ya hana ni amsawa.

Yanzu na san rabin takaicin nan da kaina nake yi. Sai da baƙi suka zo suna alfahari da abin da nake ɓoyewa sannan na ga kyansa. A mota na zaro ɗankwalin, duk ya yamutse.

"Umma, gobe da safe ki ɗaura min irin naki."