Maginin da Ya Ɗauki Murjani Aiki

Mijin ƙanwata magini ne, amma bai taɓa yarda a kira shi haka ba. Tun ranar da ya sayi hular kwano ya raɗa wa kansa Injiniya, mutanen unguwa kuma suka bi shi da sunan, wasu don ladabi, mafi yawa don dariya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum da fensir a bayan kunne, ko da yake ban taɓa ganin ya rubuta komai ba. Ba zan tauye masa haƙƙi ba: katangarsa ba ta karkacewa. Iyakar abin yabonsa ke nan.

Gidan da suke ciki na ƙanwata ne, gadonta daga mahaifinmu, ɗakuna uku a bakin teku. Can gaba cikin ruwa akwai dogon tudun murjani wanda igiyar ruwa take karyewa a kansa, sai ta iso gaɓa a gajiye. Injiniya bai ga komai a wurin ba sai dutsen gini na kyauta. Ya yi hayar kwalekwale, ya ɗebi leburori, suka shiga farfasa tudun da diga duk lokacin da ruwa ya janye. Bene yake so ya ɗora a kan gidan matarsa, domin maƙwabta su riƙa ɗaga kai kafin su gaishe shi.

Ƙanwata ta roƙe ni in yi masa magana. Na zaunar da shi a falo, na bayyana masa cewa wannan ba irin dutsen kan tudu ba ne. Wasu ƙananan halittu ne masu taushin jiki, kowace tana fitar da abu mai tauri irin farar ƙasa, ta gina wa kanta ƙoƙo ta zauna ciki. Idan ta mutu ƙoƙon ya rage, na bayanta su ɗora nasu a kai. Saman ne kaɗai mai rai, ƙasan duk kufan kakanninsu ne. Suna bukatar ruwa mai ɗumi, garau, wanda rana ke ratsawa, saboda a jikinsu akwai tsirrai ƙanana ƙwarai da ke ciyar da su. Abin da suke ƙarawa a shekara sau da yawa bai wuce faɗin yatsa ba.

Ya saurare ni yana sakace haƙori. Abin da ya fahimta shi ne ya sami leburorin da ba sa gajiya.

"To Yaya, ai kin sauƙaƙa magana," in ji shi. "Ashe ma'aikata ne. Ma'aikaci kuwa in ka bar shi zaune sai ya sangarce. Ni in kwashe, su sake ginawa."

Ƙanwata ta tuna masa cewa mahaifinmu bai taɓa bari a taɓa wurin ba. Ya amsa cewa tsohon masunci ne, ina ya san darajar dutse.

Bene ya tashi, giɓi kuma ya buɗe a tudun. Ta nan ruwa ya fara shigowa da dukan ƙarfinsa. Ya kwashe yashin tsakar gida, ya tumɓuke sandunan igiyar shanya, sannan ya fara lasar gindin katanga. Da Injiniya ya ga ma'aikatansa sun yi nawa, sai ya yanke shawarar ya saka musu harsashin gini. Ya riƙa kwaɓa siminti yana juyewa cikin giɓin, ruwan ya yi ƙura, laka ta rufe ɗan abin da ya rage da rai. Murjanin da ke gefe ya koɗe ya koma fari fat, alamar yana mutuwa. Mutumin nan ya dawo gida yana murmushi, ya gaya wa ƙanwata cewa ta kwantar da hankalinta, aiki ya yi nisa, har sun fara shafa farar ƙasa.

Gidan bai jure ba. Ruwa ya rarake ƙasa, nauyin benen ya danno daga sama, bangon gaba ya tsage tun daga rufi har daɓe. Ƙanwata ta kwaso 'ya'yanta da keken ɗinkinta ta dawo wurina, ba ta ko son a ambaci teku a gabanta. Shi kuwa yana gaya wa masu jaje cewa laifin ƙasar wurin ne.

Makon jiya ya zo bikonta. Tana ciki ta ƙi fitowa, sai ya tsaya yana ƙwanƙwasa bangon gidana, ya ce ginin yana da kyau, zai iya ɗaukar bene. Ban ba shi kujera ba.