Littattafan da na ba mai bikiya

Jiya ina jin mai sayen tsofaffin kaya yana tura amalanke yana kiran "bikiya!" a layinmu na Abbasiya, sai na kwashe littattafan 'yata Zainab, na tsohon marubucin Ingilan nan mai labaran kisa da bincike, na miƙa masa. Karatun addini ya kawo ta Masar, ba tatsuniya ba.

Ta dawo ta ga wurin wayam.

"Umma, Abba ne fa ya saya min. Har ya rasu, a waya muke gardamar wa ya yi kisan."

Na zari hijabi har bakin titi, amalanken ya ɓace.

Tarbiyya wajibi ce, amma da ma na tambaye ta tukuna. Iyaye mata, da wane baki zan ba ta haƙuri?